Tirela ta kaɗa bindi a hanyar Asheville, uwargida ta ce ta gama hawa

Assalamu alaikum. Ina zaune a Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ni da maiɗakina da yaranmu uku. Bara na sayi tirelar kwana, irin ɗakin nan mai gado da kicin da banɗaki da ake ja da mota. Inda na saya su suka ɗaura mini mahaɗin raba nauyi, mai sanduna biyu da sarƙa. Motata a-kori-kura ce, takardar jikin ƙofarta ta ce tana ɗaukar laba 1,650 (laba ɗaya ta kusa rabin kilo). Tirelar kuma laba 5,400 ce in ba kaya, iyakarta 7,000. Da hutun yara muka kama hanyar I-40 za mu Asheville. Na zuba buhun shinkafa da janareta da kuloli biyu a can ƙuryar baya, na rataya kekunan yara a gindin tirelar. Tun fitarmu na ji sitiyari sakayau a hannuna. Ina kan gudun mil 70 a awa wata babbar motar kaya ta wuce mu, sai tirela ta shiga kaɗa bindi, ta kai mu dama ta kai mu hagu, yara suna ta ihu. Allah dai ya tsare. Maiɗakina ta ce ita da 'ya'yanta sun gama hawa. Na ce mata tsoro ne kawai, muka yi cacar baki, har yau ba mu daidaita ba. Wani abokina ya ce in ɗaure sarƙar har zoben ƙarshe, dillalin kuma ya ce sai dai in sayi babbar mota. Ga bashin tirela ina biya duk wata. Ina mafita?

Mai neman shawara, Greensboro

Wa alaikumus salam. Ƙanena, barka da arziki, kun tsallake rijiya da baya. Allah ya ƙara tsarewa.

Zan fara da abin da ba za ka so ji ba. Uwargida ta fi ka gaskiya. Abin da ta ji a jikinta rannan ba tsoron banza ba ne, tirelar da ta kaɗa bindi a kan mil 70 tana dab da kifar da motar da ke jan ta, kuma ita tana zaune tana jin kukan 'ya'yanta a baya ba ta da sitiyari ba ta da birki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, balle ita tsumman ma ba ta gani ba, macijin ne har yanzu ajiye a ƙofar gida. Ka je ka ce mata, "Na yi kuskure da na ce tsoro ne, lodin da na yi ne ba daidai ba." Kada ka haɗa da "amma". Kada kuma ka roƙe ta ta sake hawa a wannan zaman. Wannan maganar sai bayan ka dawo daga sikelin auna motoci da takarda a hannu.

Na ce lodinka ba daidai ba ne, ga dalili. Ka tuna amalanke a gida. In aka jibga buhuna a bayan taya, sai itatuwan gaba su ɗaga sama, har ka ga jaki yana tafiya kamar a kan ƙwai, ƙafafunsa da ƙyar suke taɓa ƙasa. Tirelarka amalanke ce mai gado a ciki. Dole wuyanta, wato ƙarfen nan mai kusurwa uku da ke zuwa ya hau kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, ya danne motar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar gaba ɗaya da kayanta. In ya gaza haka, gindi ya fi ƙarfin kai, iska kaɗan ta ishe ta fara lilo, kuma lilon yana ƙaruwa ne da gudu. Shinkafa da janareta da kuloli cike da ƙanƙara da nama, duk a bayan taya, ga kekuna a can ƙarshen ƙarshe inda laba ɗaya ke aikin laba biyu saboda nisanta da tayoyi: kai da hannunka ka sauƙaƙa wuyan. Babbar motar da ta wuce ku tura ƙofar da ke buɗe kawai ta yi. Ka duba kuma inda tankin ruwan tirelar yake. Galan ɗaya na ruwa ya haura laba 8, tankin galan 40 ya kai laba 330 da 'yan kai, in a bayan tayoyi yake kuma ka cika shi, shi ma yana cikin masu laifi.

To ina aikin mahaɗin da aka ɗaura maka? Mutane da yawa suna ɗauka maganin kaɗa bindi ne. Ainihin aikinsa daban ne. In wuyan tirela ya danna ƙwallo, bayan mota yana zaunawa, gabanta yana ɗagawa, tayoyin gaba su rasa wani ɓangare na nauyin da ke manna su da kwalta. In mahaɗin bai saitu ba, ko wuyan da bai kai nauyi ba yana iya jawo haka. Mai yiwuwa shi ne sakayau ɗin da ka ji, da dare ma za ka ga fitilunka suna haska rassan itatuwa, masu tahowa suna ta ƙyafta maka wuta. Sandunan sifirin biyun nan suna aiki ne kamar hannuwan baro. Ka kama su ka ɗaga, bayan mota ya tashi, nauyi ya koma kan tayoyin gaba, wani kaɗan kuma ya koma kan tayoyin tirela. Sarƙar ita ce hannun da ke riƙe da baron a ɗage duk tsawon tafiya. Nauyin bai ragu da ko laba ɗaya ba, raba shi aka yi. Kuma dillalinka ya saita wannan rabon ne ranar da tirela take wayam, ba gas, ba ruwa, ba tukunya ko ɗaya, motar ma kai kaɗai ne a ciki. Ba lallai ha'inci ba ne, haka akasari ake yi, amma saitin ranar saye ba shi ne saitin ranar tafiya ba.

Shawarar abokinka ka ajiye ta gefe. Nufinsa alheri ne, amma ɗaure sarƙa har zoben ƙarshe yana ɗauke nauyi daga tayoyin bayan mota fiye da kima, kuma su ne ke riƙe da ku a kwana da lokacin birki. Ranar da aka yi ruwa kwalta ta yi santsi, bayan motar zai iya zamewa tirela ta naɗo ta. Ban da haka, ƙarfen wuyan tirela da mazaunin mahaɗin a jikin mota suna shan wahalar da ba a ƙera su dominta ba, musamman wajen shiga gidan mai mai tudu a bakinsa. Yawancin masu ƙera irin mai sarƙa suna cewa kada zobban da ke ɗauke da nauyi su gaza biyar, don sanda ta sami wurin motsi a kwana. Ka duba littafin naka.

Yanzu ga aikin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ware Asabar guda da ba ku da zuwa ko'ina. Ka yi lodin tirela kamar gobe za ku tashi, amma lodin kirki: masu nauyi a ƙasa, a kan tayoyi ko gaba da su kaɗan, kusan kashi 60 na kayan a gaban tayoyi, kowane abu a ɗaure yadda ba zai gangara baya ba in kun hau tudu. Tulunan gas a cike, batir a wurinsa. Motar ma a cika mata tanki, a sa mata abin da za ta ɗauka. Tayoyi duka a ba su iskar da aka rubuta, da safe kafin su yi zafi. Sai ka nemi fili shimfiɗaɗɗe, irin filin ajiye motoci na makaranta ranar da ba karatu, don in ƙasa ta karkace duk awonka ƙarya ne.

Ka fara da tsayin ƙwallo. Tirela a sauke daga mota, an sa wa tayoyinta waigi, ka juya jak ɗin wuyanta har ƙarfen gindinta ya daidaita, gaba da baya tsayi ɗaya daga ƙasa. Ka auna daga ƙasa zuwa cikin kokon da ƙwallo ke shiga. Ƙwallon motarka ya kamata ya tsaya daidai nan ko sama da shi kaɗan, abin da bai wuce inci guda ba, tunda mota za ta zauna in an ɗora mata. Ƙarfen da kan mahaɗin ke hawa yana da ramuka a jere, da su ake ɗagawa ko saukarwa.

Sai awo uku da su ne zuciyar aikin. Ka manna ɗan tef a leɓen bodi da ke saman tayar gaba, daidai tsakiyar taya, don kullum wuri ɗaya za ka riƙa aunawa. Ka auna daga ƙasa zuwa tef ɗin mota tana ita kaɗai, ka rubuta. Ka ɗora tirela a kan ƙwallo, ka kulle, ka naɗe jak gaba ɗaya, sanduna ba a sa ba, ka sake aunawa. A ce na farko inci 37 ne, na biyu 38: gaban motarka ya tashi da inci guda ke nan, kuma wannan incin shi ne sakayau ɗin. Awo na uku bayan an ɗaura sanduna ne, kuma abin da ake nema gaban ya sauko ya nufi inda yake da farko. Nawa zai sauko? Wannan littafin motarka ne zai faɗa, a babin jan tirela, don kamfanoni sun bambanta: wasu sun ce a dawo da rabin abin da ya tashi, wato 37 da rabi a misalinmu, wasu ƙasa da rabi, wasu kuma a dawo da shi gaba ɗaya. Abin da ba a so ko kaɗan shi ne gaba ya sauka ƙasa da 37, ko bayan mota ya fi tsayinsa na asali. In ka ga haka, ka wuce gona da iri. Bayan mota kuwa dole ya ɗan zauna, kada ka matsa wa kanka sai ya koma yadda yake ba kaya.

Wajen ɗaura sandunan nan ne mutane ke jin ciwo, don haka ka saurare ni da kyau. Kada ka yi kokawa da su da ƙarfin damtse. Bayan ka kulle koko a kan ƙwallo, ka sauke jak ka ci gaba da juyawa har ya ɗaga wuyan tirela tare da bayan motar, inci uku ko huɗu. Za ka ga bindin sanduna ya matso kusa da mazauninsu, sarƙa ta shiga ƙugiya cikin sauƙi, bututun ƙarfen da ake ɗaga ta da shi ya tafi ba gardama. Ka sa fil ɗin kulle, ka yi ɗaya gefen da adadin zobba iri ɗaya, ƙirga su za ka yi da yatsa, ba da ido ba, sannan ka naɗe jak. Wajen kwancewa ma haka, jak tukuna. Wanda ya cire fil sanda tana ɗauke da nauyi, bututun nan zai ƙwace daga hannunsa ya sauka a ƙaurinsa ko yatsun ƙafarsa. Na taɓa ganin wanda ya yi haka da silifa a ƙafa, ya yi sati biyu yana sallah a zaune. Ka sa takalmi rufaffe, ka tsaya a gefe, yara kuma su yi nisa.

In ka auna ka ga gaba bai sauko yadda ake so ba, hanya biyu ce. Ko ka rage zobe ɗaya cikin masu ɗauke da nauyi, in kana da sarari sama da biyar ɗin nan, ko ka ƙara kwantar da kan mahaɗin baya, wajen tirela. Na biyun ya fi zama gyara na gaskiya. A yawancinsu akwai 'yan washa da ake jerawa a jikin wata ƙusa a cikin kan, ƙara washa ɗaya yana kwantar da kan, bindin sanduna ya ƙara yin ƙasa, in aka ɗaga su kuma su ƙara ɗaukar nauyi da zobban da kake da su. Washa ɗaya-ɗaya ake ƙarawa, a ɗaura, a auna. Aiki ne mai cin rai, za ka kwance manyan notuna sau biyu ko uku, amma in an gama sanduna za su kwanta kusan a layi ɗaya da ƙarfen wuyan tirela, tirelar kuma ta tsaya daidai ko hancinta ya ɗan sunkuya. Hanci sama ba a yarda da shi ba sam, abokin kaɗa bindi ne. Notunan nan kuma akwai ƙarfin ɗauri da aka rubuta musu, ya fi abin da ƙaramin sifana zai iya, in ba ka da abin aunawa ka biya gareji su ɗaure maka. Ka duba jikin sandunan ma, akwai lamba a buge, 600 ko 800 ko 1,000 ko 1,200. Ta dace da nauyin wuyan tirelarka da kaya, kada ta gaza, kada kuma ta yi masa nisa sosai, don sanda mai tauri fiye da kima tana sa tafiya ta zama kamar a kan doki mai sukuwa.

Tef yana ba da labari, sikeli ne ke yanke hukunci. A manyan tashoshin motocin kaya da ke bakin I-40 da I-85 za ka ga allon CAT Scale mai ruwan ɗorawa. Kada girman motocin ya ba ka kunya, kowa na iya hawa, kuɗin kaɗan ne, maimaita awo a wuri ɗaya cikin awa 24 kuma ya fi araha. Faranti uku ne a jere: tayoyin gaban mota a na farko, na baya a na biyu, na tirela a na uku. Ka hau sau uku, da sanduna a ɗaure, da sanduna a kwance, sannan ka ajiye tirela a filinsu ka hau da mota kaɗai. Nauyin da faranti biyun farko suka nuna lokacin da tirela ke kan mota ba sanduna, ka cire nauyin mota ita kaɗai, abin da ya rage shi ne nauyin wuya. Ka haɗa shi da abin da tayoyin tirela suka nuna a wannan awon, ka sami nauyin tirela gaba ɗaya, ka raba ka ga ko kana cikin kashi 10 zuwa 15 ɗin. Ni 12 ko 13 nake so. Ka kuma gwada abin da tayoyin gaba da na baya suka ɗauka da iyakar da aka rubuta wa kowannensu a jikin ƙofa.

A nan ne za a san ko dillali yana da gaskiya kan babbar mota, kuma ba zan ɓoye maka ba, kana kusa da bakin iyaka. Mu ƙaddara tirelarka da kaya ta kai laba 6,500, wajen kilo 2,950. Kashi 13 na wannan ya kusa laba 850. Mahaɗin kansa da sandunansa yana iya kusantar laba 100. Kai da uwargida da yara uku, in na ƙiyasta, 600. An tashi 1,550 cikin 1,650 ɗinka. Saura laba 100, buhun shinkafa biyu irin na laba 50 da kuke saye a can. Ma'ana janareta ba zai koma bayan a-kori-kura ba don an kore shi daga gindin tirela, wurinsa cikin tirela ne a kan tayoyi, ko ya zauna a gida tunda yawancin sansanonin da iyali ke zuwa suna da wuta. Babbar lambar da ake tallar mota da ita, wai tana jan laba dubu kaza, ba ita ke fara cika ba, wannan ƙaramar ta jikin ƙofa ce. In sikeli ya nuna kuna ciki, motarka ta isa, ka riƙe kuɗinka. In ya nuna kun haura ko bayan rage kaya, to babu washa ko zoben da zai gyara, sai dai uwargida ta biyo ku da yara a ƙaramar mota, ko a sauya tirelar da ƙarama. Cin sabon bashi a kan tsohon bashi don hutun sati biyu a shekara, ni dai ban ga hikimarsa ba.

Ba ka faɗa mini ko mahaɗin naka yana da abin hana lilo ba. Irin mai sarƙa zalla sau da yawa ba shi da shi, sai an ƙara masa wata 'yar sanda mai gogayya a gefe, wadda ake cirewa in za a yi ribas mai kwana, a kuma sassauta ta in hanya ta yi santsi. Akwai kuma mahaɗai irin su Equal-i-zer da sandunansu ke zaune kan ƙarfe suna gogawa maimakon sarƙa, suna ta ƙara a kwana kamar tsohuwar ƙofa, wannan ƙarar ita ce aikin. Tirela mai nauyin taka ta cancanci ɗaya daga ciki. Amma a sa shi bayan an gyara lodi, don in an sa kafin nan ɓoye cutar kawai zai yi har ranar da ta fi ƙarfinsa.

Gudu kuma ka rage. Yawancin tayoyin tirela masu harafin ST, musamman na da, mil 65 ne iyakarsu sai in an rubuta wani abu daban a jikinsu. Ka zauna a 60, ka bar layin hagu ga masu sauri. In ka hango babbar mota a madubi tana tahowa, ka riƙe sitiyari da hannu biyu ka ɗan matsa dama a cikin layinka. In kuma lilo ya sake farawa, kada ka taka birkin mota da ƙarfi, kada ka bi shi da sitiyari kana ƙoƙarin gyarawa, hannunka ba zai taɓa riga shi ba. Ka miƙe sitiyari, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka matse ɗan maɓallin birkin tirela da ke kusa da gwiwarka ko a jikin dashbod. Tirela ta ja baya ita kaɗai, ta miƙe kamar igiyar da aka ja. Ka koyi kai hannu wurin ba tare da ka duba ba, ka kuma gwada ƙarfinsa a fili kan mil 20 zuwa 25, ya kama sosai amma kada tayoyi su ƙulle. Ranar da Allah ya kai ku Asheville, gangaren Old Fort yana jiran ku a hanyar dawowa, dogo ne, da ƙaramin giya ake sauka, ba da ƙafa a kan birki ba.

Mu koma gida. Ranar Asabar ɗin nan, ka roƙi uwargida ta zo ta riƙe maka tef da littafi, ba hawa za ta yi ba, rubutu kawai. Ita za ta karanta 38, ita za ta ga ya koma 37 da rabi bayan an ɗaura sanduna, ita za ta ƙirga zobba a gefenta ta ce maka sun yi daidai da naka ko ba su yi ba. Takardun sikeli uku ma a hannunta za ka sa su. Gani ya kori ji. Bayan nan ka fita kai kaɗai da tirela sau biyu ko uku, har kan babbar hanya, ka bar manyan motoci su wuce ka, ka dawo ka gaya mata gaskiyar abin da ka ji, ko da bai yi daɗi ba. In ta yarda, tafiyar farko ta zama gajeriya, kamar tafkin Jordan da bai fi awa guda da 'yan mintuna daga gare ku ba, da rana, ba iska ba ruwa, kuma ku yi alkawari tun a gida cewa in ta ce a tsaya, za a tsaya a mafita ta gaba ba musu. In ta ce ita dai a bana a ƙaramar mota za ta bi ku a baya da yara, ka ce to, ka cika mata tanki. Hakan ma ya rage wa a-kori-kurar laba ɗari huɗu.

In ka dawo daga sikeli, ka aiko mini da lambobin takardun uku da awon tef ɗinka, da adadin zobba da washa da ka tsaya a kai, mu duba tare.